Wanda Ake Ambata Ranar Alhamis

Gwaram,
Nuwamba, 1993.

Zuwa ga Yayana Alhaji Dogara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hajiya da yara, da fatan ciwon ƙafar nan ya sake ka. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ka ce in riƙa rubuto maka yadda injin casar shinkafarka ke tafiya tun da ka turo ɗanka Abdulnasir ya riƙe shi. To, yaron nan ya zo mana da wani tsari da ya koyo a masaƙar da ya yi aiki a Kano, wai shi zango. Ba a kama aiki goma lokaci ɗaya. Kowane mako sai a zaɓi abu guda da ke damunmu, kowa ya taru a kansa har a ga bayansa, sannan a kama wani. Kullum da safe kuma sai mu tsaya cirko-cirko a bakin injin, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau. Ba a zama, wai don kada zance ya yi tsawo. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina tsayar da 'ya'yan mutane a aji, yau ga ni tsaye da furfurata ina ba sa'an ɗan cikina hadda.

Amma ba zan ci amanarsa ba, abin yana aiki. Zangon farko tsakuwa muka sa a gaba, aka daina shanya a ƙasa, aka koma kan tamfol. Na biyu aka kwashe tulin buntun nan da ya toshe hanya tun zamanin jihar Kano. Na uku matan da nake kula da su masu turara shinkafa suka sami murhu na kirki. Yanzu ma'aikatan da sabuwar jiha ta tara a Dutse har aike suke yi a kai musu tamu.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zaman Alhamis. A ƙarshen kowane zango sai a shimfiɗa tabarmi, yaron ya tambaya, "Me ya ja mu baya a wannan makon?" Ya ce ba mutum ake nema ba, matsala ake nema. Wannan Alhamis ɗin maganar karyewar shinkafa ce ta taso, don kusan rabin abin da ke fitowa gutsattsari ne. Ya yi tambayarsa. Kowa ya san amsa, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can sai Batulu, babbar masu turarawa, ta ce, "Ranka ya daɗe, injin ne." Nan take kowa ya ɗauka, wai injin ne, injin ne.

Ka san dalili, Yaya. Injin ba shi da uwa a garin nan, ba ya auren 'yar kowa. Sai dai sun manta, ko sun yi kamar sun manta, cewa injin yana da mai tuƙa shi. Timothy, mutumin Bogoron nan da ka ɗauko tun ranar da aka kafa injin, yana zaune a gefe da baƙin mai a hannunsa. Ni kuwa na tashi ina jin ƙyamar wurin da duk wanda ke ciki.

Ka gaida Hajiya. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rahamatu.

*

Birnin Kudu,
Disamba, 1993.

Zuwa ga Malama Rahamatu,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarki ta iso ta hannun direbana, na karanta, na kuma gode. Ƙafa da sauƙi, sai dai har yanzu ba ta yarda da doguwar tafiya ba.

Na yi farin ciki da jin cewa tsarin yaron nan yana haifar da ɗa mai ido. A tasha ma an fara yi mini barka, ana cewa shinkafar Gwaram ta daina fasa wa mutane haƙori. Har na fara tunanin ko in sa direbobina su riƙa wannan tsayuwar ta safe, ko Allah zai sa su rage ƙarya.

Game da tsayuwa da furfura, ki yi haƙuri. Zamani riga ne, kowa da irin wadda za ta zo masa. Game da zaman Alhamis kuwa, ban ga abin tayar da hankali ba. An ce injin ne, ba a ce Timothy ba. Ƙarfe aka zarga, ƙarfe kuwa ba ya jin ciwo. Ki bar yaron ya bi tsarinsa, tun da mun ga amfaninsa da idonmu.

Kin san halinki tun muna yara, ba kya ganin abu ki kau da kai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ki gaida 'yata Zahara'u, na ji an ce jikin nata ya yi nauyi. Allah ya raba lafiya. Ki gaida maigidanta da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Wassalam. Naki,
Alhaji Dogara.

*

Gwaram,
Janairu, 1994.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don cikin nawa da ka ce ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ya cika.

Ka ce ƙarfe ba ya jin ciwo. To ga abin da ya biyo baya. Da aka ce injin ne, Abdulnasir ya ware zango guda sukutum a kan injin. Timothy ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya canza bel da rariya, ya mayar. Lafiyayyen inji aka yi wa wannan fiɗar. Shinkafa ta ci gaba da karyewa. Alhamis ta zagayo, aka sake tambaya, aka sake cewa injin ne. Ta sake zagayowa, haka.

Bari in faɗa maka abin da kowa ya sani, har awakin da ke kiwo a bakin wurin. Zan kira sunansa, tun da takarda ba ta da kunya. Surukinka ne, Haladu mijin Zahara'u, da ka ɗora a kan shanya. Mu gama turarawa mu miƙa masa, ya baza a tamfol ya tafi teburin mai shayi gardamar siyasa. Ba juyawa, ba ja inuwa, rana ta gasa ta har ta tsattsage. Wata rana kuma ya ɗure ta a buhu da danshinta don yana sauri, kafin safe ta yi tsami kamar gasarar da aka manta a kwano. Jiya na buɗe wani buhu sai da na koma bayan katanga na yi amai. Wace irin na'ura ce za ta fitar da tsayayyar shinkafa daga wannan?

Amma wa zai faɗa? Batulu ƙanwar uwarsa ce. Masu ɗaukar buhu, wannan ɗan maƙwabcinsa, wancan yana neman auren ƙanwarsa. Ni kaina surukina ne, ko ruwa ba na sha a gabansa. Sai aka bar jaki ana dukan taiki.

Na ja Abdulnasir gefe na gaya masa. Ka san me ya ce? "Gwaggo, ki faɗa a zama. Abin da aka faɗa a bayan ido gulma ne, tsarin bai yarda da shi ba." Yaron ba mugu ba ne, amma ya taso a birni, yana zaton idan aka shimfiɗa tabarma aka ce kowa ya faɗi gaskiya, to shi ke nan kunya ta tafi hutu. Yanzu ya yanke cewa tun da injin lafiya yake, to hannun da ke kansa ne. Ya ce in aka sake ambatar injin a zama mai zuwa, zai ɗauko wani daga Kano.

Ka san ɗakunan bayan injin na mai aikin ne, in aikin ya tafi sun tafi. Timothy a nan ya yi furfura. 'Yarsu Sylvia tana ajin ƙarshe a sakandare. Ɗansu na fari a ƙasar Gwaram yake kwance. Matarsa Justina kuwa, lokacin da nake takabar Malam, ita ce ta riƙa ɗebo mini ruwa tana share mini tsakar gida, ranar da dangi suka gama cin sadaka suka watse.

Don haka ina sanar da kai, don kada ka ji a bakin duniya. Ranar Alhamis zan buɗe baki a gaban kowa in ce Haladu ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ji haushi, ya sha ruwa.

A gaida gida.

Rahamatu.

*

Birnin Kudu,
Janairu, 1994.

Zuwa ga Malama Rahamatu,

Aminci ya tabbata a gare ki. Na sami takardarki ranar Talata, na karanta ta har sau biyu.

Ban musa miki ba, mai yiwuwa akwai gyara a wajen shanya. Sai dai ki tuna, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mijin yarinyar nan mutum ne mai zuciya a kusa. In aka tsinka shi a gaban ƙanwar uwarsa da yaran da yake ba umarni, a wurin da ya san na uban matarsa ne, ba injin zai huce a kai ba. Yarinya tana kan gwiwa yau ko gobe. Ba na son ta haihu a ɗakin uwarta da takarda a hannu.

Duk da haka ba zan ɗaure miki baki ba. Ke ba yarinya ba ce. Ki yi abin da kika ga ya dace, Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Timothy kuwa mutumina ne tun kafin a haifi wasu daga cikin masu zaman nan. Na san shi, ya san ni.

Hajiya tana gaishe ki. Wassalam.

Alhaji Dogara.

*

Gwaram,
Fabrairu, 1994.

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na so rubutowa tun ranar zaman, sai yau na samu.

Na faɗa. Da Abdulnasir ya yi tambayarsa, Batulu ta buɗe baki za ta rera waƙar da ta saba, sai na riga ta. Na ce, "Ba injin ba ne, ba kuma Timothy ba ne. Shanya ce, mai shanya kuwa Haladu ne." Na faɗi teburin shayi, na faɗi buhunan da ke tsami, ban rage komai ba. Batulu ta dafe ƙirji tana salati kamar na yi saɓo. Haladu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, idonsa ja wur, ya ce, "To, madalla. Tun da abin ya zama na 'yan gida, bari in je in sallami tasu."

Bai kai ga takalminsa ba Timothy ya tashi. Ya ce, "Malam Haladu, zauna don Allah." Sannan ya juyo gare ni, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba haka ba ne. Ni ne. Ina matse injin fiye da ƙima, idona ya fara rauni, na ɓoye don kada a sallame ni."

Na ce, "Timothy, ka ji tsoron Allah. Kai da kake zura zare a allura Justina tana kallo?"

Ya ce, "Ni ne, Malama."

Yaya, da ka ga fuskokin mutanen nan. Wurin ya saki kamar an sauke wa jaki kaya. Wani ya ce alhamdu lillahi. Batulu ta ce, "Ai dama mun faɗa." Haladu ya koma ya zauna, ya gyara hula, har da cewa shi ya yafe wa kowa, Malama ma tsufa ne. Abdulnasir ya yaba wa Timothy a kan gaskiyarsa, ya ce wannan shi ne amfanin zaman, sannan ya ce masa ya miƙa makulli ƙarshen wata. Da aka zo rufewa da addu'a, Haladu aka ba ya ja. Na ga mutanen da Timothy ya gyara wa keke kyauta, ya kai matansu asibiti a kan babur ɗinsa, sun ɗaga hannu suna amin da ƙarfi. Tir da wannan zama. Ban shafa ba, na tashi na fita.

Na bi su gida. Justina tana ɗaure tukwane a zane, ko kallona ba ta yi ba. Na tambayi Timothy me ya sa ya yi wa kansa ƙarya, ya kuma mai da ni maƙaryaciya a gaban yara. Ya ce, "Malama, bar shi kawai." Iyakar abin da na samu ke nan.

Ban gane ba, kuma abin yana cina. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Injin naka ne, ɗan naka ne. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a bar mutumin nan a ɗakinsa. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da Malam ya rasu, yau ina roƙo. Ka ce mutuminka ne, to ga ranar.

Ina jiran amsa ta hannun direba.

Ƙanwarka,
Rahamatu.

*

Birnin Kudu,
Maris, 1994.

Zuwa ga Yayata Malama Rahamatu,

Ina gaishe ki da sunan Allah mai jinƙai. Yaya gida, yaya ƙoƙari? Muna nan gidan Baba Luke, dattijon cocinmu, muna jiran motar da za ta kai mu Bauchi da kayanmu, daga can mu wuce gida.

Ki gafarce ni da na tafi ban yi miki sallama ba. Da na dube ki ranar nan, da na fashe da kuka na faɗi abin da Baban Sylvia ya hana ni faɗa. Yanzu ma bai san ina rubutawa ba, amma ba zan bar ki kina zaton mun ci amanarki a banza ba.

Ranar Laraba, ana gobe zaman, direban Alhaji ya zo gidanmu da rana. Ya ce Alhaji ya ce a gaya wa Timothy gobe Malama za ta yi magana, auren Zahara'u kuma yana hannunsa, ya rufa masa asiri kamar yadda suka saba. Baban Sylvia ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce wa direban, "Ka ce masa na ji." Na yi faɗa, na yi kuka. Ya ce mini shi ya riƙa kai Zahara'u makaranta a kan keke lokacin da take hannunki, ba zai zama sanadin fitarta daga ɗakinta da ciki ba. Ya ce kuma Alhaji ba zai bari a kore mu ba, za a dai yi faɗa a wuce. Har ranar da muka ɗora kaya yana duban hanya.

Jiya mun je yi wa Alhaji sallama. Ya fito da sandarsa, ya riƙe hannun Baban Sylvia da hannu biyu, ya ce, "Kai ɗan halak ne, na san ba kai ba ne." Ya sa aka kawo mana buhun shinkafa. Na bar shi a zauren.

Abu biyu nake roƙo, Yaya. Sylvia tana gidan fasto har ta gama jarrabawa, ki riƙa leƙa ta, ba ta faɗa in tana jin yunwa. Sannan in damina ta sauka, ki sa a nome ciyawar da ke kan kabarin yaronmu.

Na ji Zahara'u ta sauka lafiya, namiji. Ki yi mata barka. Ita ba ta yi mana komai ba.

Allah ya saka miki, ya sa mu gana.

Ƙanwarki,
Justina.

*

Birnin Kudu,
Afrilu, 1994.

Zuwa ga Malama Rahamatu,

Assalamu alaikum. Na ji kin daina zuwa injin, kin kuma ƙi zuwa suna. Ki yi haƙuri ki koma, mata ba sa jin maganar kowa sai taki.

Yaron nan ya ce mini wanda ya ɗauko daga Kano ɗan ƙanwar Hajiya ne, shinkafa kuma tana nan tana karyewa. Ya ce zaman Alhamis ya gagara, in ya yi tambaya sai a yi ta kallon tabarma har a tashi. Na ce ya mai da ɗan ƙanwar Hajiyar inda ya ɗauko shi.

Don haka ki sa a cigita mana wani, ko ta wajen mutanen cocin nan, ko cikin waɗanda suka zo neman aiki da sabuwar jiha. Kada a ɗauko ɗan gari, kada kuma a ɗauko wanda muka haɗa jini ko aure da shi. Baƙo nake so, mai haƙuri.

Ki gaida mai jego. Wassalam.

Yayanki,
Alhaji Dogara.